Keken Kyari da Tafkin Mirriya

Litinin, 8 ga Oktoba 1984

Darakta ya amince! Ran 18 ga Disamba, ranar sallar jamhuriya, lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, za ta yi tseren uku: ninƙaya a tafkin Mirriya, keke daga can zuwa Damagaram, sannan gudun ƙafa kilomita biyar. A wata jaridar Faransa na gan shi, suna ce masa triyatlon. Babu wanda ya taɓa yinsa a nan. Ni Tahiru, malamin wasanni, da suke kira Mushe irin na Faransanci, ni zan fara.

Darakta ya ce, "Mushe, a shekarar da ko gero bai yi ba?" Na ce masa yara ba su daina girma don ruwan sama ya ƙi zuwa.

Babban abu: mai kula da harkar matasa ya yi alkawarin wanda ya zo na ɗaya za a kai shi Yamai, makarantar kwana, ci da sha da horo.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Abin da muke buƙata: keke, takalmin gudu, gajeren wando, igiya mai tsawo da za a ja a kan ruwa, robar cikin taya saboda wanda ya gaji a tsakiyar tafki, usur. Agogo ina da nawa. A hoton jaridar akwai tabarau na ruwa da hular kwano. Waɗannan sai wata shekara.

Yara tara suka ba da suna. Biyu ne na gaske. Sha'ibu, ɗan mai kanti, yana da kekensa sabo fil. Sai Kyari, shekara goma sha shida, Babarbare. A bakin kogin Komadugu ya tashi, shanunsu suka ƙare, suka taho nan, suna zaune a bukkoki bayan unguwar Kara-Kara. Ba shi da keke, ba shi da takalmi. Shi zai ci. Na sani.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Mirriya. Ruwan ya kai ni ƙirji a tsakiya, ya isa. Na kafa sanda a bakin tafkin don in riƙa duba yadda yake ja.

Kyari ya shiga, ko fantsama babu. Ya je ya dawo kafin sauran su gama jin tsoro. Masu lambu suka ajiye gugansu suna kallo. Sha'ibu kuwa ya sha ruwa har ya yi kuka, amma bai fita ba. Wannan ma na rubuta masa.

Asabar, 27 ga Oktoba

Habu mai gyaran keke ya zaro wani tsohon ƙarfe daga bayan rumfarsa. Babu sirdi, babu birki, ƙafar gaba ta karkace. Ya ce, "Mushe, wannan ya girmi yaron naka." Na ce ƙashinsa lafiya lau, sauran aikinka ne. Muka wuni a kai. Sirdi daga wani keken, sarƙa daga wani, birki na baya kaɗai. Robar ciki faci bakwai, na ƙirga.

Baduku ya yanka wa Kyari takalmi daga tsohuwar tayar mota, da maɗauri biyu. Ya fi tafiya ba komai a kan kwalta.

Talata, 30 ga Oktoba

Ashe Kyari bai taɓa hawa keke ba. Ya faɗi sau huɗu. Zai iya.

Asabar, 3 ga Nuwamba

Sun shirya tsakaninsu ba da sanina ba: Sha'ibu yana koya masa keke, shi kuma yana koya wa Sha'ibu numfashi a ruwa, da kwano cike a gabansu tunda Mirriya nisa. Na same su a bayan aji, Sha'ibu ya tsunduma fuska a kwano, Kyari yana cewa, "Ta hanci, ta hanci, kai!" Da suka gama, Kyari bai zubar da ruwan ba. Ya juye a bido, 'yar jarkarsa, ya tafi da shi gida.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Kyari ya faɗi a zagaye na shida. Ba tuntuɓe ba ne. Yana gudu, sai kawai ƙafafun suka naɗe. Na ɗauke shi zuwa inuwa, ban ji nauyinsa ba ko kaɗan. Da ya farfaɗo abin da ya fara cewa shi ne, "Mushe, minti nawa?"

Rana ce. Zan mai da horo da sassafe.

Alhamis, 8 ga Nuwamba

Ba rana ba ce. Na raka shi gida. Bukka ɗaya ta kara da buhu, ƙanne huɗu. Uban, Malam Bukar, dogo ne, ya shimfiɗa mini buzunsa ya zauna a ƙasa. Na yi ta bayani: Yamai, makaranta, abinci sau uku. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Mushe, na ji. Amma gudun nan naku hatsi yake ci. Yaron yana dawowa da yunwar mutum biyu, kuma rabonsa ma ƙannensa yake tura wa."

Na ce, "Baba, kwana arba'in ne kawai. Ka bar mini shi."

Ya ce, "Ai ban hana ba. Faɗa maka nake."

A gida na gaya wa matata Balki. Da safe na ga ta dama fura a ƙwarya biyu.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

Kyari ya fara cikowa, ko idona ne. Daga Mirriya zuwa bakin gari a keke, minti arba'in da takwas. Sha'ibu arba'in da ɗaya. Amma a ruwa Kyari yana ba shi tazarar minti tara. Lissafin yana wajenmu.

Ruwa ya bar sandata da taku goma sha biyu.

Lahadi, 25 ga Nuwamba

Ruwan a cibiya yake yanzu. A cibiya ma ana ninƙaya.

Lahadi, 2 ga Disamba

Masu lambu sun tare mu. Shugabansu, wani tsoho mai ƙaramin gemu, ya ce kada yara su sake shiga. In sun shiga laka take tashi, kwana biyu ba ta kwanta ba, kuma yanzu ƙauyuka uku nan suke ɗibar na sha. Na nuna masa takardar darakta. Ya karɓa ya riƙe ta a juye, ya ce, "Ɗana, wannan takardar za ta tace ruwa?"

Na ɗaga murya. Na ce sau ɗaya ne, rabin awa, rayuwar yaro ce a ciki. Ya nuna mini matan da ke layi da tuluna.

Kyari ne ya ja rigata. "Mushe, mu tafi."

Zan koma ranar kasuwa mai zuwa. Zai sauko.

Lahadi, 9 ga Disamba

Ban sami abin roƙo ba. Ruwan a gwiwa yake. Na naɗe igiya na dawo.

Talata, 18 ga Disamba

An yi. Keke da gudu kawai.

Jama'a sun fito fiye da zatona, har da masu kalangu. A keke Kyari ya riƙa bin Sha'ibu dab da dab har rabin hanya, abin da bai taɓa yi ba. Sai sarƙar ta zame. Ya sauka ya mayar da hannunsa, yatsa ya tsage, mutum uku suka wuce shi. A gudu ya kamo biyu. Maɗaurin takalmin hagu ya tsinke, ya jefar da duka biyun, ya ƙarasa a kan kwalta mai zafi.

Na uku. Sha'ibu na ɗaya, kuma da guminsa ya ci, ba zan rage masa ba. Ya zo ya zauna kusa da Kyari a ƙasa.

Da da ruwa... Bari dai.

Juma'a, 21 ga Disamba

Na je wajen mai kula da matasa. Wuri ɗaya ne, in ji shi, kuma an ba wanda ya ci. Gaskiyarsa.

Habu ya ce laifin sarƙarsa ne. Na ce a'a. Ni na ga ta saki tun makon jiya, na ce za ta kai.

Lahadi, 23 ga Disamba

Malam Bukar ya zo da kansa. Za su bi mota zuwa Kano ranar Laraba, wani ɗan'uwansa yana gadi a can. Ya zo yi mini godiya ne, wai. Ni kuma bakina ya riga ni. Na ce ya bar Kyari a wajena ya ƙare lakwal, akwai ɗaki a zaure.

Ya ce, "Don tseren baɗi?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "To, in an yi ruwa."

Alhamis, 27 ga Disamba

Sun tafi jiya. Kyari bai yi kuka a tasha ba, sai da muka shigo lungunmu.

Na gaya wa Balki saboda horo ne, ba a sakin ɗan wasa irin wannan. Ta ce, "To, Malam," tana ƙara masa miya.

Yau da asuba na je tashinsa mu fita gudu. Na same shi ya duƙunƙune a tabarma, tafin ƙafarsa duk ɓawon ƙuna. Na tsaya kaɗan, na ja masa bargo, na tafi masallaci ni kaɗai.

Gobe ma babu horo. Sai ƙafar ta warke. Sai ya ƙara nauyi kuma. Ba sauri muke ba.