Ƙananan Rubutun da ke Ƙasan Shafi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara tsarewa. Mu ma lafiya lau, kumburin ƙafar Mama ya sauka, har tana fitowa bakin ƙofa. Ni ce dai kwana biyar ke nan na kasa zaune na kasa tsaye.

Ka san tun da Baba ya daina gani, ni ke masa karatu kowace safiya a kujerarsa ta bakin taga. Tsohon Littafi Mai Tsarkinsa ya yayyage, na sayo sabo. Ranar Litinin muka iso Bisharar Yohanna, labarin matar nan da aka kawo don a jejjefe ta. Ina gamawa idona ya faɗa kan wasu ƙananan rubutu a ƙasan shafi, ni kuwa da bakin nan nawa da ba ya jiran kaina, sai na karanta da ƙarfi. Wai labarin ba ya cikin kwafe-kwafen da suka fi tsufa. Baba ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce in rufe littafin.

Yaya, ka fi kowa sani. Shekara arba'in bawan Allahn nan yana koyarwa cewa ko ɗigon kuskure babu a Littafin. Kuma lokacin da na yi ciki ba aure, dattawan ikilisiya suka ce ya kore ni, wannan labarin ya karanta musu, ya kama hannuna muka dawo gida. To yanzu fa?

Fasto ya zo ya yi ta bayani, cewa rashin kuskuren yana ga abin da aka fara rubutawa, masu kwafa kuwa mutane ne, kuma rubutun ƙasan ma shaida ce ba a ɓoye mana kome ba. Ni na ɗan gamsu. Baba kuwa ko shayinsa bai taɓa ba, har ya huce.

Jiya haƙurina ya ƙare, na durƙusa na tambaye shi ko yana da-na-sanin dawo da ni. Ya daka mini tsawa, ya ce ko yage shafin aka yi, ba zai bar ni a waje ba. Sai kuma ya fashe da kuka, ya ce abin da ke cinsa ke nan: duk shekarun nan yana zaton biyayya ya yi wa Maganar Allah, yanzu yana tsoron ko son 'yarsa ne kawai. Allah ya yafe mini, Yaya, shi yana kuka, ni kuwa daɗi na ji.

Don Allah ka kira shi, yana jin maganarka. Har yau bai ce a buɗe littafin ba.

Ka gaishe mini da matarka da 'yan biyu. Mama da Gwaggo suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Auta