Bakina Ya Yi Ɗaci, Miyata Ta Lalace

Anti, don Allah ki taimake ni, aikina na neman kuɓuce min.

Shekara tara ina girki a wani gidan abinci, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa auna gishiri da cokali ba, harshena ne ma'aunina. Makon jiya zazzaɓi ya kayar da ni, aka gwada jinina aka ce maleriya ce, aka ba ni ƙwayoyin kwana uku. A rana ta biyu ƙuraje suka feso min a leɓe. Gwaggona na gani ta yi hamdala, wai ciwon ya fito ta baki, ya tafi ke nan. Ni kuwa dama maganin na tayar min da zuciya, sai na jefa ragowar cikin akwati na koma bakin murhu.

Har yau bakina a bushe, ko ruwa na sha ɗaci. In na ɗanɗana miya sai in ji salam, in ƙara gishiri. Jiya faranti shida aka dawo da su. Uwar ɗakina ta ba ni mako guda in gyara. Ban gaya mata komai ba, kunya nake ji.

Mai girki cikin damuwa

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, wannan mai gyaruwa ne.

Gwaggo ta faɗa ne da kyakkyawar niyya, amma ta yi kuskure. Ƙurajen leɓe, ɗacin baki da bushewarsa kan zo tare da zazzaɓi, ba shaidar warkewa ba ne. Maleriya a jini take, ba ta fita ta leɓe. Ki koma asibiti yau, ki tafi da ragowar maganin, ki faɗi ranar da kika daina sha da yadda yake tayar miki da zuciya. Abin da aka ba ki, ki shanye. Ki yawaita shan ruwa, kar ki ɓare ƙurajen.

Uwar ɗakinki ma tana da gaskiyarta, masu cin abincinta take tsoron rasawa. Ki gaya mata abin da ya faru, ki nemi hutun kwana biyu. In kin koma, wata abokiyar aikinki ta riƙa ɗanɗana miki, ke kuma ki auna da cokalin nan da kika raina.

Harshen da ya ciyar da ke shekara tara bai mutu ba, jinya yake yi. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa farantanki su riƙa dawowa a suɗe.