A Mayar wa Iya Rifkatu da Yaranta

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Shirya Taron Fasahar Koyarwa da aka yi a Samaru, Zariya.

Ranka ya daɗe Farfesa, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan kwamitinka maza da mata, da fatan kuma gajiyar taro ta bi lafiya. Sunana Malam Tanko Iliya, malamin aji huɗu a wata firamare da ke Sabon Gari. In sunan bai tuna maka kowa ba, ni ne tsohon nan da ya shigo zaure rungume da rediyo mai kaset a cikin jakar leda, har maigadi ya tare ni ya nuna mini hanyar masu gyara. Alli ya fara cin yatsuna tun ba a haifi yawancin mahalarta taron ba, yanzu kuma ritaya tana leƙo ni ta taga.

Ban rubuto ta jarida don in kunyata kowa ba. Na yi ta takawa ofishinku har ɗan acaɓan da ke ɗaukata daga Kwangila ya daina tambayata ina za ni. Kullum da fara'a ake tarbata, a ba ni kujera, a ba ni ruwa, sannan a ce Oga ya yi tafiya, ko mai makullin sito bai fito ba. An ce mini ba ka wuce wannan shafi, shi ya sa na biyo ka nan.

Ina da yabo, ina da kuka. Yabon ya fi yawa, kuma da shi zan fara, don haka aka rene mu.

Na ɗaya. Da hedimasta ya miƙo mini takardar gayyatarku, na ce masa ya duba da kyau, wataƙila wani Tankon ake nufi. Mu malaman firamare mun saba a kira mu taro don mu cika kujerun baya mu tafa. Ku kuwa kuka zaunar da mu inda kuka zauna, muka ci abin da kuka ci, kuma aka kira sunana da lasifikar da aka kira sunan daktoci. Wannan kaɗai ya isa in yi muku addu'a.

Abin da idona ya gani kuma, har yau ina ba da labarinsa a majalisarmu ta unguwar PZ. Na shekara da shekaru ina zana zuciyar ɗan Adam a allo, tana fitowa kamar mangwaron da aka taka, yara suna kwafa a haka don ladabi. A zaurenku wata malama ta danna kwamfuta, majigi ya haska bango, sai ga zuciya tana bugawa, jini yana shiga yana fita. Wallahi sai da na dafa ƙirjina. Aka ɗauke wuta a tsakiyar bayaninta, kafin mu gama cewa kash janareta ya tashi, ta ci gaba daga inda ta tsaya kamar ba a yi komai ba. Wani malami daga ƙauye ya nuna yadda yake koyar da lissafin ciniki da wayar salula guda ɗaya tak, wadda ma sai ya hau tudu take samun sabis. Na koma gida ina jin ashe sana'armu ba ta tsufa ba, mu ne muka tsufa.

Dole kuma in ambaci Malama Ngozi, mai kula da na'urorin taron, haifaffiyar Sabon Gari, wadda Hausarta ta fi ta jikokina daɗi. Ita ta zaunar da ni gaban kwamfuta a lokacin hutu, ta ɗora hannuna a kan linzaminta. Na damƙe shi da ƙarfi, kibiyar da ke gilashin tana gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta ce, “Baba, sassauta, ba kaza ka kama ba.” Ba ta gaji da ni ba har na rubuta sunana na gan shi a gilashi. Ka riƙe sunanta, ranka ya daɗe, zan dawo kanta, kuma ba da sharri ba.

Na biyu. Bari in tuna maka abin da na gabatar, don kukan nawa a cikinsa yake.

A Basawa, unguwar barikin soja, akwai wata tsohuwa, Iya Rifkatu, matar wani soja da ya daɗe da rasuwa. 'Yarta Ladi ɗalibata ce tun tana yarinya, ta nan muka saba da gidan. Ni a gaban kakata na tashi, na sha tatsuniya har na ƙoshi, amma ban taɓa jin mai bakin Iya Rifkatu ba. In an ci tuwon yamma, yaran unguwa sukan cika tsakar gidanta, 'ya'yan sojoji da na 'yan kasuwa, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, wasu ma Hausar tasu ba ta gama nuna ba. Wata shekara na roƙe ta ta bar ni in naɗi muryarta. Ta ce me zan yi da ita? Na ce zan sa wa ɗalibaina a aji. Ta ce da rana tsaka? Don mu dai an tsorata mu tun muna ƙanana cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi. Ta yi dariya ta ce, “To, ai ba ni zan yi ba, rediyonka ne. In za a ɓata, shi ya ɓata.”

Kaset guda ɗaya na cika, gaba da baya. Shi nake koyarwa da shi tun daga lokacin, kuma dabarar ba wata mai wuya ba ce. Iya ba ta zuba labari kamar mai karanta sanarwa. Takan ce ga ta nan ga ta nanku, ta tsaya, sai yara sun amsa. Takan kai bushiya ƙofar gidan damo neman aron gishiri, ta yi shiru, har sai wani yaro ya ƙosa ya ce, “Iya, sai me?” Takan ɗauko waƙa, ta bar musu amshi. Wani lokaci da gangan take canza sunan dabba don ta ji wa ke barci, sai ka ji sun taso mata da ihu suna gyara ta. To, ni a aji, duk inda ta tsaya nan nake danna rediyo. Ɗalibaina su amsa tare da yaran kaset, su yi gardamar abin da zai biyo baya, kowa ya rubuta nasa ƙarshen, sannan mu saki Iya ta raba gardama. Yaron da ba ya buɗe baki a aji, in ya ji wani yaro kamarsa a cikin rediyo ya yi tambayar wauta an yi dariya ba a doke shi ba, sai ka ga ya ɗaga hannu. Abin da na zo in faɗa muku ke nan, ba ƙari: darasin yana cikin wuraren da tsohuwar ta yi shiru.

Kun ba ni lokaci, kun saurare ni da Hausa ba wanda ya ɓata fuska, Malama Ngozi ta kanga makirfo a bakin rediyona. Aka tafa mini har na rasa inda zan sa idona.

Na uku, kuma nan ne kukan. Da aka tashi, sakataren kwamitinku ya same ni ya ce kaset yana lalacewa, zare yana tsinkewa, in ba su su juye shi a faifan sidi, su dawo mini da abina, sannan a buga faifan da yawa a raba wa makarantu. Na ji daɗi ƙwarai. Na miƙa da hannu biyu. Ba ni da wani kwafi, kuma na faɗa masa haka.

Bayan 'yan makonni aka aiko mini da faifai a cikin kwali mai kyau, da sunan Iya a rubuce, da nawa a ƙasa. Kaset ɗin bai biyo shi ba. Na ari rediyon maƙwabcina mai cin faifai na saka. Ranka ya daɗe, muryar ta fito tas, kamar tsohuwar tana zaune a gefen tabarmata. Shuuu ɗin nan na kaset ya tafi. Kukan akuya ya tafi, ƙarar babur ta tafi. Sai dai yaran ma sun tafi. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, ba wanda ya amsa, kuma ba a bar wurin amsawar ba, maganarta ta gaba ta hau kan ta baya. Ba “sai me”, ba amshi, ba ihun gyara. Inda ta canza sunan dabba da gangan, yanzu ya zama kamar tsufa ne ya sa ta manta. Tatsuniyar da takan ci rabin yamma ta ƙare kafin shayina ya huce.

Na gwada shi a aji. Yara suka zauna tsit, suka saurara da ladabi kamar ana karanta musu dokar makaranta. Ba wanda ya ɗaga hannu.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun daminar bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Iya Rifkatu, ya tafi da maganarta. Tana ji, tana ganewa, amma ba ta furta komai. Tun da ta kwanta nakan kai mata kaset ɗin ranar Lahadi bayan an taso coci, mu saka mata. Ladi ta ce ba muryarta take saurare ba. Yaran take bi ɗaya bayan ɗaya, tana nuna wa Ladi da hannunta mai lafiya: wannan wane ne, yanzu yana soja a wani gari, waccan wance ce, ta yi aure ta haihu. Yawancinsu sun watse, barikin soja ba ya riƙe mutum.

Da kaset ya daɗe bai dawo ba, na ɗauki faifan na kai mata, ina cewa ko ba komai za ta ji yadda aka wanke mata murya. Muka saka. Da ta ji kanta ta yi buɗewar, sai ta karkata kunne tana jira. Labari ya wuce. Ta dubi rediyon, ta dubi ƙofa, ta dube ni. Sannan ta ɗaga hannu ta yi alamar a kashe. Da Ladi ta rako ni waje, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Malam, ina ka kai mata yaranta?” Amsar nake nema a wurinka.

Na huɗu. Kada a ɗora wa Malama Ngozi laifi. Na same ta, ta nuna mini aikin da ta gama a wata kwamfuta. Na ga muryar Iya ta zama zane kamar tsaunuka, na ga yadda ta bi ta gaɓa-gaɓa da haƙuri, aikin da ni ko a mafarki ban san ana iya yi ba. Ta ce ƙa'idar kwamitinku ce ga duk abin da za a raba: sauti ya zama mai tsabta, murya ɗaya, a cire hayaniya da wuraren shiru don faifai ya ɗauki abu da yawa. Ƙa'ida ce mai kyau ga lacca, ban musa ba. Ta ce ita ma da ta zo kan amshin yaran sai da hannunta ya tsaya, don a irin wannan tsakar gida ta girma. Ta kuma ce in dai kaset ɗin yana nan, mayar da su ba wuya, amma ta riga ta miƙa shi sito tare da kayan taro, kuma na'urar da ta yi aikin a kanta an goge ta an ba wani sashe. Ke nan yaran nan ba su da sauran wurin zama a duniya sai cikin wannan kaset. Mai shara ɗaya ya isa ya raba mu da su.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A buɗe sito a nemo kaset ɗin, baƙi ne, an ɗaure kwalinsa da roba, na rubuta Basawa da jan biro a jikinsa, a dawo mini da shi tun Iya tana da kunnen ji. A dakatar da buga faifan da na ji ana shirin rabawa kafin a tafi hutu, har sai Malama Ngozi ta sake juye shi da yaransa da shirunsa, akuyar ma in ta ƙi fita a bar ta. Sannan a taro na gaba, wanda ina fatan za ku sake gayyatata ko da na yi ritaya, in za a wanke abin da malami ya kawo, a kira shi ya zauna kusa, ya nuna wanne ne datti wanne ne tuwon.

Na san za ka gane, ranka ya daɗe, kuma ga dalilina. Ranar da na danna rediyona a zaurenku, Iya ta ce ga ta nan ga ta nanku, na tsayar da kaset kamar yadda nake yi a aji, don kawai in nuna wurin tsayawa. Ban roƙi kowa komai ba. Sai zaure ya ɗauka gaba ɗaya, daktoci da daraktoci da masu kwat: “Ta zo mu ji ta!” Aka fashe da dariya, kowa yana duban na kusa da shi. Ni ina kan dandamali, ina ganin kowa. Wanda ya riga kowa amsawa yana zaune a tsakiyar babban teburi, da babbar riga ruwan toka, tabarau a hannu, kuma bai jira ya gama haɗiye ruwan da ya kurɓa ba. Ba zan faɗi sunansa a jarida ba. An ɗauki taron a bidiyo, sai a duba, in dai ba a cire wurin ba a matsayin hayaniya.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya saka wa kwamitinka da alheri bisa abin da kuka nuna mana, ya ba Iya Rifkatu sauƙi. Allah ya sa ranar da ka tsufa ka buɗe baki a tsakar gidanka, ka sami masu amsa maka. Iya ta taɓa cewa in za a ɓata, rediyona ya ɓata. Rediyon yana nan a gabana, bakinsa a buɗe, yana jira.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Malam Tanko Iliya,
Sabon Gari, Zariya.