Inna Ta Raba Maganinta Biyu

Yaya Bukar,

Salama da gaisuwa. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Agadas? Mu lafiya lau, sai Inna.

Tarin nan ya dawo mata. Ashe ƙwayoyin maganin da aka ba ta rabawa take da maƙwabciyarmu ƴar gudun hijira. Likita ya ce maganin yana hana ƙwayar cutar ƙera furotin, sinadarin da take rayuwa da shi, to rabin magani bai kashe ta ba, sai ta saba. Yanzu cutar ba ta jin maganin.

Na yi faɗa, Inna ta ce, "Tun da nake ban taɓa ci maƙwabciya na kallo ba."

Ka sa ta cikin addu'a, ka gaida matarka Falmata. Kada ka jira cirar tattasai, Yaya, ka taho.

Ƙanwarka Yagana, Diffa