Ajiyar Tarwadar da Kika Bar Mini

Zuwa ga aminiyata Laraba,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma kun saba da sanyin Jos. Na rubuto miki a wannan shafi inda kowa zai gani ne, tunda kin daina ɗaga wayata.

Kin tuna ranar da za ku tashi daga Mando? Kika shigo mini da robobi cike da tarwada, kika ce, "Asabe, ajiya ce, haɗa su da naki kafin in sami wuri." Tare muka koyi kiwon nan bayan mun bar koyarwa, tare kuma aka gaya mana ba a zuba baƙon kifi cikin na gida sai an ware shi an ga lafiyarsa. Amma wa ke ware kayan aminiya? Da na yi haka, cewa za a yi ina ƙyamarki. Da hannuna na juye su cikin tankin iyaye, waɗanda nake ji da su, masu ba ni ƙwai.

Ba a daɗe ba suka daina cin abinci. Cikinsu ya kumbura, suna tsaye a saman ruwa kai sama. Likitan dabbobi ya zo ya farke ɗaya a gabana, ruwa ya tsiyayo, hanjin ya yi jajawur kamar an shafa masa barkono. Ya ce ƙwayar cuta ce ta ci bangon hanjin. Kifin tafki, in ji shi, kullum ruwa na neman shiga jikinsa, gishirin jikinsa na neman fita, hanji kuwa shi ke tsotso masa gishiri daga abinci. Idan ya lalace sai gishirin ya zurare, ruwa ya taru a ciki. Na barbaɗa gishiri a tankin, na ba da magani, duk a banza. Babbar uwar nan da kike tsokana kina kira Hajiya, ita ce ta ƙarshen mutuwa.

Duk na ɗauka ƙaddara ce. Har kuka na yi don kunyar yadda zan gaya miki ajiyarki ta salwanta a hannuna. Sai da na je ƙaro magani a Unguwar Sarki saboda sauran kifin da ke ɗaya tankin, mai shagon ya ce, "Irin wanda ƙawarki ta yi ta saya ke nan kafin ta tashi. Nata sun warke kuwa?"

Ashe kin sani, Laraba.

Kin ci amanata, kuma ya yi mini ciwo. Ke ce fa kika kwana biyu kina shara da girki a gidan nan lokacin rasuwar Baban Ladi, mijina. Da kin ce, "Asabe, ba su da lafiya, taimake ni," wallahi da na wanke miki tanki daban, na yi jinyarsu kamar nawa. Me kika ji tsoro? Ni?

Jiya maƙwabciyata ta zo aron ragar kamun kifi, na ce mata ta yage. Ƙalau take. Ban taɓa hana kowa aro ba sai jiya, kuma wannan ya fi mutuwar kifin ƙona mini rai.

Allah ya tsare ki da iyalinki, ya sa ki ɗaga wayata tun ina iya yafewa.

Taki, ko da rai a ɓace,
Asabe