Ɗakin Rawaya Mai Taya Biyu

Birnin Kebbi,
9 ga Oktoba, 1960.

Zuwa ga Sadatu, sanyin ƙirjina, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan randa bayan doguwar tafiya, furen bado mai buɗewa da hantsi a kan gulbi! Gaisuwa irin wadda baki ba ya iya ɗauka, sai zuciya. Yaya Aishatu, na san ke za ki karanta mata wagga takarda. Ki yi haƙuri ki toshe kunnenki, amma don Allah kada ki tsallake ko kalma guda.

Sadatu, na gama! Jiya da la'asar na ajiye buroshi. Abin nan da maƙwabta sunka yi wata biyar suna leƙowa ta katanga suna yi wa dariya, yau ga shi tsaye a ƙofar gida yana ƙyalli: ɗaki ne a kan tayoyi biyu na wata matacciyar mota da na kwance a gareji, jikinsa katako, rufinsa kwano, na shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwanon don kada zafi ya taɓa ki. Akwai gado, akwai taga biyu, akwai gurbin da na ɗaure 'yar randa. Tsohuwar akori-kurata za ta ja shi, duk da tarin da take yi.

Kwana huɗu na yi ina goge katakon da sanfefa. Sai in rufe idanuna in bi shi da tafin hannu, domin na san haka za ki fara saninsa. Duk inda sartse ya soke ni, sai in koma in sake gogewa, har ya yi santsi kamar bayan ƙwaryar da ta daɗe a hannun mai ita.

Da na je kanti neman fenti, Maliki mai kanti ya ce in yi haƙuri, kore da fari sun ƙare, duk an kwashe don bikin 'yancin kai. Na ce masa ni rawaya na zo nema. Ya dube ni kamar na zautu.

Shi bai san Zauro ba, ke kin sani. Kin tuna bara, ranar da munka shiga kwalekwale cikin fadamar Zauro, shinkafa ta yi kai, balbelu sun sauka fari fat kamar an shanya auduga? Na nuna miki su, sai kika tambaye ni me ya sa hazo ya sauko da kaka. Wayyo Sadatu! Babu hazo ko ɗigo a ranar, sama tas take kamar an wanke ta. A nan na gane yanar ido ce ta soma rufe idon da na fi so a duniya. Amma da munka fito gaɓa, sai kika tsaya cak, kika miƙa hannu kai tsaye kika taɓa furen kabewa a kan wani shinge, kika yi dariya, kika ce shi kam bai guje miki ba. Launin furen nan na shafa. Sau uku na shafa shi, ina jira kowane shafi ya bushe, ina zaune ina kallonsa kamar mai jiran nunar mangwaro. A dokin ƙofa kuwa na gauraya fentin da lallausan yashin gulbi, don yatsunki su gane mashiga ba tare da kowa ya riƙe ki ba.

To, yaya kuma za ki aiko mini daga Argungu cewa in ba ki takarda, wai kin zama mini kaya? Don kin zuba gishiri a koko sau ɗaya kika tattara kika koma gidan Baba? Ai na shanye kokon nan, Sadatu! Shekara tara kina jira na da ruwan wanka ina dawowa baƙi ƙirin da man inji, ko sau ɗaya kin kira ni kaya? Gidan nan tun tafiyarki ya zama kamar gulbi a ƙarshen rani, sai yashi da sawun waɗanda sunka wuce. Wagga ita ce kaɗai takardar da za ki samu daga hannuna.

Kin ce ba za ki je wurin likitan ido a Kano ba, don ba ki son a ja ki da sanda a tashar mota mutane suna kallo. Na ji, shi ya sa na ƙera miki naki ɗakin. Za mu bi ta Sakkwato da Gusau a hankali, kina kusa da ni a gaba. Inda tsamiya ta yi mana kyau, nan ne masaukinmu. In hura wuta, ki gaya mini yawan daddawa. In faɗa miki launin kowane tsuntsu, ki faɗa mini sunansa daga kukansa. Wa ya fi mu sarauta a ƙasar nan sabuwa?

Ran Alhamis da hantsi ina ƙofar gidan Baba, in Allah ya kai mu. Ki fito, ya hasken raina, ki fito!

Abu guda ya rage. Labbo mai rubutun motoci ya tambayi abin da zai rubuta a bayan ɗakin. Na ce ya dakata sai mun dawo, ke za ki faɗa. In Allah ya buɗe idon, ke ce za ki tsaya a kansa ki ce rubutun ya karkace. In kuma Ya ƙaddara akasin haka, zan kama ɗan yatsanki in bi da shi kan haruffan ɗaya bayan ɗaya, yau da gobe, har tsufa ya kama hannuwanmu duka biyu.

Ni ne mijinki, wanda ba shi da wata alƙiblar zuciya sai ke, har ranar da za a rufe nasa idon,

Sahabi makanike.