Ku Daina Yi Wa Inna Tausa

Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna? Ya maigidanki da yara? Na yi ta kira, layinku ba ya shiga.

Ni dai alhamdu lillahi, sai dai na ɗan kwana biyu a asibiti, kar ki tayar da hankalinki. Zaman keken ɗinki safe har yamma ne ya jawo. Ƙafata ta hagu ta kumbura, ta ɗauki zafi. Likita ta ce jini ne ya daskare a jijiya can ciki. Ta hana ni murzawa, wai tausa na iya ɓalle gudan jinin ya tafi huhu.

Yaya, tana faɗa na tuna da Inna. Ba ƙafa ɗaya kika ce ta kumbure wa Inna ba, tun da karayar nan ta kwantar da ita? Ni kuma na aiko man zafi, kullum ina cewa a murza mata sosai. Har faɗa na yi miki, wai hannunki ba ƙarfi. Ki yafe mini.

Don girman Allah ku ɗauke hannu, ku kai ta a duba jijiyar. In ta yi kukan ƙirji ko numfashi, kar ku jira komai.

Kar ki gaya mata na kwanta. Man kuwa ki ɓoye shi. Na san za ta nema, tunda ta ce in an shafa mata, ji take kamar hannuna ne.

Ƙanwarki mai kewarku.